Horon Sabon Inji

Garinmu yana arewa da birnin Kano, ba nisa da Ɗambatta. Wanda ya san wannan ƙasa ya san babu daji a cikinta. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, ko makiyayi sai ya bi burtali da dabbobinsa, gama ba inda zai ratse. A cikin wannan matsatsi ne autan gidanmu ya tashi ya ce shi jirgin sama zai ƙera.

Tun yana ƙarami yake yin na kara. Sauran yara sukan feƙe ɓawon karan dawa su soka a totuwa su yi mota ko tabarau, shi kuwa kullum jirgi ne. In jirgin alhazai ya gifta ta samanmu, sai ya saki abin da ke hannunsa ya bi shi da ido har ya ɓace. Malaminsu na firamare ya ƙara masa ƙaimi ranar da ya gaya musu cewa jiragen da suka fara sauka a Kano guda uku ne na sojan Ingila, daga Masar suka taso, suka iso ran 1 ga Nuwamba, 1925. Yaron ya dawo gida yana tambayata ko kakana ya gan su. Na ce masa kakana ba mutumin da zai bar gyaɗarsa a gona ya tafi kallo ba ne.

Da ya gama sakandare a 2023 bai sami shiga gaba ba, sai ya zauna yana taya ni aiki. Sana'ata bayan noma ita ce gyaran ƙananan injuna: na ban ruwa, na niƙa, na feshi, da janareta. Da dare kuwa yana kan waya yana kallon yadda mutanen wasu ƙasashe suke tashin ƙananan jirage da rimot. Ya ƙera jikin nasa da siririn katako da farin soso mai tauri, irin wanda ake naɗe sabon firji da shi. Faɗin fukafukan ya kusa mita 2. Rimot da 'yan na'urorin da ke karkata fiffike kuwa na hannu ya saya wurin wani abokinsa a birni. Saura inji.

Akwai injunan fetur da aka ƙera musamman domin irin waɗannan jirage, amma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu nesa. Abin da ya ƙarfafa wa Auta zuciya shi ne, masu wannan wasa a Amurka da Kanada ma, a shekarun 1970, da injin zarton yankan itace suka fara tashin manyan jiragensu. Sukan cire abin da ba a bukata su ɗaura farfela. Saboda haka ya sa ido a kan injin feshi na goyo, wanda girman cikinsa bai wuce cc 26 ba, watau na babur ɗin haya ya ninka shi kusan sau huɗu. Da kaka ta 2024, ran kasuwar Ɗambatta, ya ja ragon da uwarsa ta ba shi tun yana ɗan tunkiya, ya sayar. Kashegari ya shiga Kano ya dawo da sabon inji a kwali.

Uwarsa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A dare na uku ta ce mini, “Malam, tun da yake ragon ya riga ya tafi, kada ka bari abin da aka saya da shi ya bi shi.” Da ma ni na ɗauki abin a kan wasan yara, na kuma yi niyya in zuba masa ido. Maganar nan tata ce ta sa na tsoma hannu.

Aikin farko ba wuya. Muka cire famfon feshi da murfi da duk ƙarfen da ba shi da amfani a sama. Muka sake kafireta, gama wadda ta zo da injin mai kwano ce, irin wadda sai tana tsaye daidai take aiki. Jirgi kuwa yana karkata, yana kifewa, yana ɗaga hanci. Ta zarton yankan itace muka sa, wadda 'yar siririyar fata ce a cikinta take bugawa tana tsotso mai, ko ta yaya aka juya ta. Farfela kuwa masassaƙin garinmu ne ya sassaƙa mana da icen maɗaci, tsawonta inci 16. Mutumin da ya saba da turmi da ƙotar fartanya, sai ga shi yana goge katako da samfefa yana ɗora shi a kan waya tsakanin reza biyu, har sai da gefen nan bai fi wancan nauyi ba. Ya yi dariya ƙwarai, amma ya yi aiki mai kyau.

Da aka gama, Auta ya ce gobe za a ɗaura a jirgi. Na ce a'a, sai an hore shi tukuna.

Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin da nake nufi. Ba wanda yakan sayo ɗan bijimi yau, gobe ya ɗaura masa garma ya ce sai ya huɗe gona. Karkiya ake fara sa masa ya saba da nauyinta a wuya. Sa'an nan ya ja gungume a kan hanya, da safe kaɗan, da yamma kaɗan. Inji ma haka yake, ko da yake ba shi da rai. A cikinsa fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda, da zobe kewaye da shi wanda ke toshe hanya don kada ƙarfin wuta ya tsere ta gefe. Sa'ad da suka fito daga masana'anta, zoben da bangon silindar ba su san juna ba. Ido yana ganin santsi, amma akwai 'yan ƙananan tudu da kwari a jikin kowannensu. Sai sun goge juna sannu a hankali kafin su zauna daidai. Gugar nan kuwa zafi take haifarwa fiye da na injin da ya riga ya saba. Fistin na gorar ruwa ne, yana saurin kumbura in ya ji zafi. In ya kumbura ya cika silinda, mai ya kasa shiga tsakani, sai ƙarfe ya kama ƙarfe. Shi ne abin da muke cewa inji ya buga.

Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. A cikin fetur ake haɗa masa, kamar ƙaramin janareta. Wannan magana ita ce tushen kome, ina roƙon mai karatu ya riƙe ta: duk abin da ya rage wa injin fetur ya rage masa mai kuma, ya kuma ƙara masa zafi, gama fetur ɗin kansa yana sanyaya cikin inji sa'ad da yake shiga. Mun haɗa kashi 25 na fetur da kashi 1 na mai, watau mililita 40 a kowace lita. Da sirinji muka auna, ba da murfin kwalba ba. Man 2T muka sa, na gwangwani a rufe. Wasu a nan sukan zuba baƙin man da aka juye daga mota domin araha, ni kuwa na buɗe injuna da yawa da aka yi wa haka, na ga abin da ke ciki. Fetur ma daga gidan mai muka sayo, muka tace da ƙyalle. Ba na mantawa da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, wanda ya lalata motocin mutane. Fatar kafiretar nan ba ta jimre ko kaɗan daga irin wannan.

Muka ɗaure injin da noti a jikin katako, katakon kuma muka ɗaure shi tam a gindin darbejiyar ƙofar gida. Hunturu ya riga ya shigo, saboda haka kafin kowane tashi sai mu yayyafa wa ƙasa ruwa, muka kuma ɗaura ɗan soso a bakin kafireta. Ƙurar hunturu samfefa ce in ta shiga silinda. Na shata layi a ƙasa na ce kada yaro ya tsallake, kada kowa kuma ya tsaya daidai gefen farfela. In injin yana juyi 7,000 a minti, bakin farfelar nan yana gudun da ya fi kilomita 500 a awa. Yatsa ba kome ba ne a wurinta.

Kafiretar tana da allura biyu. Ɗaya an rubuta mata L, ita ce mai ba da mai sa'ad da inji yake silo da sa'ad da ya fara ɗaukar wuta. Ɗayar an rubuta mata H, ita ce ta cikakken totur. In ka murɗa allura ciki ka rage mai, in ka warware ta waje ka ƙara. Na rufe su a hankali har suka taɓa, ba da ƙarfi ba, gama bakinsu yana lalacewa, sa'an nan na warware kowacce juyi ɗaya da rabi, na ƙara wa H kaɗan a kai. Ni dai a bakina, injin da mai ya yi masa yawa ya ƙoshi ke nan, wanda mai ya yi masa kaɗan kuwa yana jin yunwa. Sabon inji a ƙoshe ake horonsa.

Ƙoshin nan ba shi da daɗin ji. Injin ya tashi yana hayaƙi, yana gurnani, yana tsallake bugu kamar mai tari, baƙin mai yana ɗiga daga salansa. Minti biyar sai in sa a kashe. Ba a sake tayarwa sai na iya ɗora tafin hannuna a kan silinda na bar shi. A jikin injin feshi akwai murfi da ke bi da iska ta kan silinda, mu kuwa mun cire, sai iskar farfela kaɗai, ita kuma a ƙasa ba ta kai wadda jirgi ke sha a sama ba.

A nan akwai wani kuskure da masu haƙuri suke yi, wanda ban cika jin ana faɗarsa ba. Wani yakan ce tun da yake inji sabo ne, bari ya bar shi a silo awa biyu. Wannan ma ɓarna ce. Ƙarfin wutar da ke tashi a cikin silinda shi ne yake shiga bayan zobe ya danna shi a jikin bango. In ba a taɓa ba shi wuta ba, zoben ba zai dannu ba, bangon zai yi wani irin ƙyalli, su biyun kuwa ba za su taɓa zama daidai ba. Bijimin da aka bari a turke ba ya koyon huɗa. Saboda haka muna hawa muna sauka: rabin totur minti ɗaya, a koma ƙasa, a ba shi duka daƙiƙa biyar ko goma, a sake komawa. Auta yana da wani abu a wayarsa mai sauraron ƙara ya faɗi yawan juyi. A cikakken totur yana nuna 6,400. Shi kuwa ya gani a wurin wasu cewa irin wannan inji yana wuce 7,000. Na lura lambar nan tana cin ransa.

A rana ta biyar aka kira ni fadama, injin ban ruwan wani ya ƙi tashi. Na bar masa aikin, na ce kada ya taɓa allura. Abin da ya faru bayana daga baya na ji. Abokansa sun zo kallo. Da ma suna ta yi masa ba'a, wai ya sayar da rago ya sayo tsohuwa mai mura. Sai ya ɗauki sukuddireba ya murɗa H ciki kaɗan. Gurnanin ya ragu. Ya ƙara. Hayaƙi ya ɗauke, murya ta washe, injin ya soma wata siririyar kuwa mai daɗi, lamba ta haura 7,300. Yara suka yi sowa, har manya suka fito daga zaure. Ya bar shi a cikakken totur yana jin daɗi. Bai cika minti uku ba muryar ta soma sauka da kanta, sa'an nan farfela ta tsaya cik kamar an riƙe ta.

Na tarar da shi zaune shi kaɗai a gindin darbejiya. Ban tambaye shi kome ba. Na taɓa farfela na ji ta yi tauri. Na kwance filogi, bakinsa fari fat kamar alli. Filogi ba ya ƙarya: in ya yi baƙi da danshi mai ya yi yawa, in ya yi launin soyayyar gyaɗa abin ya yi daidai, in ya yi fari an kashe inji da yunwa. Na cire salansa na haska tocila ta ƙofar hayaƙi, sai ga zane-zane a jikin fistin daga sama har ƙasa, zoben kuma ya maƙale a raminsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maganganu sun taru a bakina, irin waɗanda uba yakan faɗa sau ɗaya ɗa ya riƙe su shekara talatin. Abin da ya hana ni shi ne warin. Ƙonannen mai a jikin ƙarfe mai zafi yana da wani wari nasa, ni kuwa na san ranar da na fara jinsa.

A ranin 1997 ne, lokacin wahalar man fetur, ina sabon aure. Na ci bashi na sayi sabon injin ban ruwa, na kama fili a wajen madatsar ruwa ta Tomas na dasa tumatir. Takardar da ta zo da injin ta ce a juye man farko bayan awa 20 na aiki, gama a lokacin ne ɓarɓashin ƙarfe yake taruwa a cikinsa. Ban juye ba, na ga man bai yi baƙi ba tukuna. Wani kuma ya koya mini dabara, wai in zura silin wayar tagulla a cikin 'yar ƙofar da fetur ke bi a kafireta, injin zai rage sha. Lalle kuwa ya rage. Muryarsa ma ta ƙara daɗi. Ina tayar da shi da asuba, ba na kashewa sai magariba, har ina yi wa maƙwabtana ban ruwa su biya ni. A rana ta tara ya buga. Tumatir yana tsakiyar fure. Ni da ƙanena muka koma ɗiban ruwa da garwa, amma hannu ba ya shayar da filin da aka auna domin inji. Kafin a sami kayan gyara fiye da rabi ya ƙone. Da lokacin biyan bashi ya yi, mahaifina yana da shanun huɗa biyu waɗanda shi da kansa ya hore su. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Gobe ka kai jan kasuwa da kanka.” Na ja shi a ƙasa har Ɗambatta. Da damina ta faɗi, da fartanya muka yi huɗar da shanu suka saba yi, tsoho yana gaba ina biye. Makanikin da ya buɗe injin nan ya nuna mini silin wayar, a wurinsa na zauna na koyi sana'ar da nake ci da ita yau.

Ban taɓa ba 'ya'yana wannan labari ba. Sun tashi sun ga ana kawo mini injuna daga garuruwa, suna tsammani da sani aka haife ni. Na zauna kusa da Auta na ba shi duka. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, “Baba, kai ma ka ji muryar ta yi daɗi?” Na ce ƙwarai kuwa, har yanzu ina jinta. Inji bai taɓa yin murya mai daɗi kamar ta gab da bugawa ba, gama a daidai wurin ne yake ba da iyakar ƙarfinsa, babu sauran mai da zai kāre shi.

Allah ya taimake mu silindar ba ta yi rami ba. Gorar ruwan fistin ce ta narke ta shafu a bango, muka goge ta a hankali da lallausar samfefa da mai. Amma fistin da zobe sai sababbi. Da dare na gaya wa uwarsa. Na ɗauka za ta ce a bar abin haka nan. Sai ta tashi ta ɗauko kuɗin ƙuli-ƙulinta ta ƙirga ta miƙa mini. Ta ce, “Kada ka ce masa ni na bayar.” Ga shi yanzu na faɗa wa duniya, sai ta gafarce ni.

Muka sake horo daga farko. Wannan karo ban riƙe totur ba ko sau ɗaya. Auta ya sami tsohon littafin makaranta yana rubuta kowane tashi: minti nawa, juyi nawa, launin filogi. Abokansa suka zo kwana biyu, suka ga hayaƙi da gurnani ne dai, suka daina zuwa. Fetur a lokacin ya kai wajen naira 1,000 lita, tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 bai sake yin araha ba. Lita uku muka ƙone a gindin bishiya cikin mako biyu, jirgi yana rataye a ɗaki. Maƙwabcina ya ce bai taɓa ganin inda ake sayen mai domin a yi wa darbejiya fifita ba.

Inji yakan nuna da kansa in ya horu. Baƙin da ke fita daga salansa ya soma washewa, gama ɓarɓashin ƙarfe ya ragu. In ka juya farfela da hannu sai ka ji ta tokare ta dawo da ƙarfi, alamar zobe ya toshe hanya. Silo ya sauka ƙasa ba tare da ya mutu ba. Abin da ya fi ba Auta mamaki kuwa, lambar nan ta hau da kanta daga 6,400 zuwa 6,800 ba wanda ya taɓa allura. Ya duba littafinsa sau biyu.

Sa'an nan ne muka daidaita allurai. Da L ake farawa, gama man da take bayarwa yana nan yana shiga har a cikakken totur, in ka taɓa ta daga baya ka ɓata H. A bar inji ya yi ɗumi, ya zauna a silo, sa'an nan a tura totur gaba ɗaya. In ya shaƙe ya yi shiru kamar zai mutu, ko ya mutu ɗin, yunwa ce, a warware. In ya yi ta gurnani da hayaƙi kafin ya ɗauka, ƙoshi ne, a murɗa ciki. Kowane murɗi kada ya wuce kaurin bakin sukuddireba, a kuma kashe inji kafin a kai hannu, gama allurar tana dab da farfela. Mun kashe mun tayar ya fi sau goma kafin ya ɗauki wuta ba gargada. Da muka zo kan H, na ce ya murɗa ciki sannu sannu har mu ji muryar nan da ya sani. Muka ji ta, 7,300 daidai. Na ga hannunsa yana rawa. Na ce to, yanzu ya warware har lamba ta sauka da ɗari biyu. Ya warware, ta zauna a 7,100. Ɗari biyun nan da aka bari su ne abincin tafiya, gama a sama farfela takan sami sauƙi, inji ya ƙara gudu, ya kuma nemi mai fiye da na ƙasa. Muka rage man haɗi zuwa kashi 32, watau kimanin mililita 31 a lita, muka sake duba allurai, gama sauya haɗi yana sauya yadda mai ke bi ta cikinsu.

Akwai kuma maganar iska, wadda masu injin ban ruwa ma ya kamata su sani. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi. Injin da ka daidaita da azahar, in ka tayar da shi da sanyin asuba na watan Janairu, iska ta yi masa yawa, ya koma mai yunwa. Wanda ka daidaita da hunturu kuwa, in bazara ta zo sai ka ji ya yi nauyi yana hayaƙi. Tun da yake da safe za mu tashi jirgi, da safe muka yi daidaitawa ta ƙarshe. Da aka ɗaura injin a jirgi, muka nisantar da na'urar rimot daga wayar filogi don kada tartsatsin wuta ya rikita ta. Sa'an nan mu biyu muka riƙe jirgin, hanci sama, a cikakken totur, muka ƙirga goma. Muryar ba ta sauka ba.

Saura fili. Na faɗa tun farko babu daji a ƙasarmu. An girbe gero da dawa, amma gonaki cike suke da kunyoyi da tushiya, ga gawo da ɗorawa a tsakiyar kowacce. Wuri ɗaya ne mai laushi, filin ƙwallon makarantar firamare. Na je wurin hedimasta, na kuma je wurin dagaci, gama a irin zamanin da muke ciki ba daidai ba ne mutane su ga baƙon abu yana shawagi a kansu ba su san na wane ne ba. Dagaci ya ce zai zo da kansa.

Ran wata Asabar a watan Janairu na 2025, da hantsi, kafin iska ta tashi, muka kai shi. Ban san garinmu yana da mutane haka ba. Aka kore yara bayan ragar gola. Auta ya ja cok, ya juya farfela har inji ya yi tari, ya mayar da cok, a bugu na uku ya kama. Ya bar shi ya yi ɗumi minti biyu cur, jama'a suna ta cewa a sake shi mana, bai ko dube su ba. Sa'an nan ya ce, “Baba, saki.”

Jirgin ya ruga yana tangaɗi, ya cinye fiye da rabin filin, har na fid da rai. Sai wutsiya ta ɗaga, ƙafafu suka bar ƙasa. Ya wuce ta kan rufin aji da kyar, ya hau, ya karkata hagu ya kewaya rimin bayan makaranta. Kowa yana kallon jirgi, ni kuwa kunne na kasa. Sa'ad da ya ɗaga hanci muryar ta riƙe, sa'ad da ya karkata ta riƙe, da ɗan gurnani kaɗan a ƙarƙashinta, yadda nake so. Ya kewaya sau biyu. Wajen sauka ne rashin sabo ya nuna. Ya zo da gudu da yawa, ya wuce filin, ya faɗa gonar da ke gaba. Kunya ta farko ta fizge ƙafafu, ta biyu ta karya farfela, ya kife a cikin tushiya.

Yara suka ruga. Auta ya riga su isa, bai dubi fiffike ba, farfela ya kama ya juya guntun da ya rage. Ta tokare ta dawo. Wani ya ce minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ya yi a sama. Auta ya ce jirgin farko da 'yan'uwan nan Wright suka tasa a Amurka a 1903 daƙiƙa 12 ya yi. Dagaci ya ce shi bai san su ba, amma a gyara wannan a sake kiransa.

Da muka koma gida na ba shi sifana ya kwance filogi. Ya duba, ya miƙo mini, na duba. Ya karɓa ya shiga da shi cikin gida wurin uwarsa, tana bakin murhu tana suyar gyaɗa. Ina jinsa daga zaure yana ce mata ta dubi launin. Ta ce ita ba ta ga kome ba sai datti, ya kawar mata da shi daga kan abinci. Da la'asar ya ɗauki guntayen farfelar ya tafi gidan masassaƙi, ya ce wannan karo biyu za a sassaƙa.